Kiɗan Finjalin Mze Kitwana

Asabar, 4 ga Oktoba, bayan la'asar

Kai da ka buɗe littafin da ba naka ba, ko ke Mwantumu, don na san hannunki ba ya zama lafiya in kin ga jakata a rataye, ku amsa mini: kun taɓa ganin mashayin da hannunsa ke rawa tun asuba, kafin ya sa ko ruwa a baki? Kun taɓa jin bammin da ke kama mutum shekara uku bai sake shi ba?

Ba ku taɓa ba. Amma duk Titi na Tara sun yarda cewa ubana, Mze Kitwana, wanda ya yi shekara talatin da huɗu yana zaga unguwar Ngamiani da butar gahawa, ya koma shan bammin kwakwa da tsufansa. Hujjarsu ɗaya. Juma'a uku da suka wuce ya tsaya a dokin ƙofar masallaci ya kasa shiga. Ƙafafunsa suka manne da ƙasa, jama'a suka taru a bayansa ana matsawa, shi jikinsa na rawa, fuskarsa kamar an sassaƙa ta. Wani ya ce, "Bammi ne." Aka janye shi aka jingine a gefe, wajen takalma.

Likita ya faɗa tun bara: cutar Parkinson ce, a cikin kai take, ba ta warkewa, lallaɓa ta ake yi da magani. Na karanta duk abin da wayata ta iya buɗewa a kanta. To amma wa zai saurari wanda ya bar makaranta a aji biyu, yana gyaran waya a bakin tashar Tanga?

Yau Baffa Nasoro ya zo. Ƙanin Baba ne, mai shagon kayan gini, ɗan kwamitin masallaci, carbinsa har gwiwa. Ya sha gahawar da yayata Mwantumu ta dafa, ya goge baki, ya ce, "Yaya, ranar ashirin da biyar ga wata mota za ta kai ka gonar Muheza. Ga iska, ga lemo. Ka huta har bakin mutane ya mutu."

Na ce, "Baffa, akwai likita a gonar, ko lemon ne zai riƙa duba shi?"

"Sefu, da babba nake magana."

"Babban ma ai bai ce zai je ba."

Ya dube ni ta saman gilashi. "Mutumin da ba ya iya kai kansa masallaci, me ya rage masa a gari? Ya je Juma'a da ƙafarsa, ba riƙo, ba jingina, ni zan fara cewa ya zauna."

Ya faɗa ne don ya tabbata ba za ta yiwu ba. Na riƙe maganar. Mwantumu shaida ce.

Baba na zaune a kujerarsa. Yana kallon yatsunsa suna murza abin da babu.

Lahadi, 5 ga Oktoba, da hantsi

Daga ƙofarmu zuwa ƙofar masallaci taku ɗari uku da goma sha biyu, irin nawa. Sau biyu na ƙirga. Juma'a uku suka rage kafin mota.

Talata, 7 ga Oktoba, bayan azahar

Na samo. Wallahi na samo.

Ga abin da masana suka rubuta, a bakin da kowa zai gane. A cikin kan ɗan Adam akwai wani makaɗi da ke ba ƙafa lokaci, dama, hagu, dama, ba sai ka yi tunani ba. Makaɗin nan cutar Baba ta kama. Ƙafar lafiyarta ƙalau, umarni ne ba ya isowa a kan kari. To in na ciki ya yi shiru, sai a ɗauko na waje. Tafi, ƙidaya, kiɗa, duk abin da ke bugawa daidai bai saɓa ba. Kunne ya ji, ƙafa ta bi.

Na sauke wata manhaja mai buga tak, tak, tak kamar agogon bango, na rufe shago da rana tsaka, na dawo gida a guje. Na tarar Baba ya sha maganinsa yana tsaye a tsakar ɗaki, ya maƙale tsakanin gado da ƙofa kamar kullum. Na kunna, bugu tamanin a minti.

Ya ce, da muryar nan tasa da ta koma raɗa, "Tsaka ce ta shiga wayar?"

"Baba, kada ka kalli ƙafa. Duk tak ɗin da ka ji, taka."

Tak. Bai motsa ba. Tak. Gwiwarsa ta ɗan lanƙwashe. Tak, sai ga ƙafar dama ta tashi, ta tashi sosai, ba jan ƙasa ba. Taku goma sha ɗaya har ƙofa. Mwantumu ta saki ludayi a cikin tukunyar kunu.

Ta ce, "Sake yi."

Muka sake. Sau biyar. Baba ya zauna yana haki, ya ce, "Tsakar nan ta iya magana."

Shekara uku ana kawo mana rubutu, ana turara mana ɗaki, wata ma ta ce an binne masa ƙwai a mararraba. Ashe tak ake nema. Tak kawai.

Laraba, 8 ga Oktoba, da safe

Taku arba'in a tsakar gida, zuwa da dawowa. An rubuta cewa lafiyayyen mutum yana yin taku ɗari da goma a minti. Baba na tamanin. Zan riƙa ƙara masa, ba zan tsaya jiran kowa ba.

Alhamis, 9 ga Oktoba, la'asar

Casa'in da biyar. Gobe Baffa zai haɗiye carbinsa.

Juma'a, 10 ga Oktoba, bayan sallah

Ba mu je ba.

Juma'a, gab da magariba

Ɗinki huɗu a girar Baba. Mwantumu ba ta yi mini magana.

Asabar, 11 ga Oktoba, da rana

Simintin zauren nan tun ina yaro yake da gangara. Kowa ya sani. Na sha faɗa a gyara. Duk wanda ya yi shi bai san aikinsa ba, kuma daga shagon wa aka sayo simintin, ku tambaya.

Baffa ya zo ya ga bandeji. Bai yi faɗa ba, gara ma ya yi. Ya ce, "Allah ya tsare gaba," ya tambayi Mwantumu ko Baba yana da akwati mai kyau ko ya aiko da nasa.

A rubuta ranar nan: Sefu yana zaune aka yi magana, bai ce komai ba.

Ɗari da goma ba yawa ba ne. A rubuce yake.

Litinin, 13 ga Oktoba, bayan azahar

Mun kai shi wankin ciwo. Daga nan aka tura mu wajen Sista Neema, mai koya wa marasa lafiya motsa jiki. 'Yar gajeruwa ce, bakinta ya fi nawa kaifi, abin da ban zaci Allah ya halitta ba. Na ba ta labarin manhajar ina jiran yabo.

Ta ce, "Dabarar gaskiya ce, muna amfani da ita. Nawa ka sa masa ranar da ya faɗi?"

Na faɗa.

"Wa ya ce ka kai shi can?"

"A rubuce yake."

"Da sunan babanka a rubutun?"

Mwantumu ta yi wata 'yar dariya ta hanci. Sista ta ce in kiɗan ya fi ƙarfinsa, takun gajarta yake yi, jiki ya wuce gaba, ƙafa na binsa a guje har ƙasa. Ta ce faɗin taku ake nema, ba sauri ba. A fara daga inda tafiyarsa take, a zaɓi lokacin da magani ya kama jiki, kuma kullum wani na gefensa. Ta ce ƙofofi da cunkoso su ne suka fi maƙale su. Ta ce wani kunnensa ke ji, wani idonsa, a ja masa layi a ƙasa ya tsallaka, wani kuma taɓa shi kawai ake yi a kan lokaci. "Amma kiɗan da mutum ya sani, yake so, ya fi kowanne."

Na ce, "Baba, wane kiɗa kake so?"

Ya ce, "Wanda babu tsaka a ciki."

Ya hana in sake kunna wayar kusa da shi. Kwana goma sha biyu.

Laraba, 15 ga Oktoba, ƙarfe tara na safe

Bari in rubuta tun da zafinsa, kafin wani ya ce ƙarya na shirya.

Kowane mai gahawa a garin nan yana riƙe finjali biyu a hannun dama yana kaɗa su, buta a hagu. Kowa da kiɗansa, tun kafin ya karyo kwana an san mai zuwa. Na Baba biyu a jere, ɗaya a ware: ƙil-ƙil, ƙas. Titi na Tara nasa ne. Na Goma Sha Ɗaya na Mze Pandu ne, mutumin tsibirin Pemba, wanda suka yi shekara talatin ba su gaisa ba sai da baƙar magana. Tun da Baba ya ajiye buta Pandu bai taɓa shigowa titinmu ba sai wannan makon.

Yau da safe Baba na zaune a kujerarsa, wadda sai mutum biyu ke tashinsa daga kanta. Sai ga shi daga bakin titi: ƙil-ƙil, ƙas. Ƙil-ƙil, ƙas.

Na ga kan Baba ya ɗago. Na ga ya dafa hannun kujera. Kafin in ajiye kofina ya miƙe, shi kaɗai, ya ratsa tsakar gida, ya shiga zauren da ya fasa masa gira, ya tsallake dokin ƙofa kamar bai taɓa saninsa ba, ya tsaya a bakin titi ya nuna Pandu da hannun da ke rawa.

Ya ce, "Ɓarawo."

Da murya. Ba raɗa ba.

Pandu ya dube shi sama da ƙasa. "Ashe kana tafiya. Ni cewa aka yi ka mutu a tsaye."

"Kiɗan wa kake kaɗawa a titina?"

"Mutanen titinka ne kurame. Na kaɗa nawa kwana uku, ko kyanwa ba ta leƙo ba."

Yana magana ya sauke hannu, finjalin suka yi shiru. Nan take Baba ya daskare, ƙafa ɗaya a gaba. Na yi tsalle na kama kafaɗarsa.

Na ce, "Mze, don Allah kaɗa. Kaɗa irin na ɗazu."

"Yanzu ake kirana ɓarawo, yanzu kuma a ce in ƙara sata?"

Ya kaɗa. Baba ya juya, ya koma ciki a kan kiɗan, yana tafe yana zagin kakannin Pandu har Pemba. Ban taɓa jin zagi mai daɗin wannan ba.

Taku ashirin da shida, ba riƙo. Mwantumu na kuka tana dariya a bakin murhu.

Laraba, bayan la'asar

Na ɗauki kiɗan Pandu a waya na kunna masa. Ya ce, "Gawar kiɗa ce wannan. Kashe."

Na ɗauko finjalinsa daga saman kabad na gwada da hannuna. Na fasa ɗaya.

Bai taɓa koya mini ba. Ina da shekara goma sha huɗu ya miƙo mini su, na ce ni ba zan ƙare rayuwata ina yi wa masu zaman dakali ƙararrawa kamar akuyar gida ba. Abin da na ce ke nan. Ya mayar da su aljihu, bai sake ba. Yanzu yatsunsa ba sa iya riƙe su, balle ya nuna mini.

Saura mutum ɗaya a duniya da ya iya.

Alhamis, 16 ga Oktoba, da yamma

Na sami Pandu a gindin mangwaron Titi na Goma Sha Ɗaya yana hura garwashin butarsa. Na durƙusa na gaishe shi, ni Sefu.

Ya ce, "A'a, Farfesa da kansa. Littattafan sun ƙare ne?"

Na haɗiye. Ya sa finjali ɗaya tsakanin babban yatsa da manuni, ɗayan a kan sauran ukun. Ya ce in sake wuyan hannu. Na yi ta yi kamar mai kaɗa ƙwai.

"Yatsun nan shafa gilashin waya kawai suka sani. Kai, ba da hannu ake kiɗan ubanka ba. Ɗauki butar nan."

Na ɗauka. Nauyi kamar an cika ta da duwatsu, ga zafin garwashi a cinyata.

"Yi tafiya. Ka ji yadda take rinjayarka hagu? In ka yi sauri ta fantsamo ta ƙona ka. Shi ya sa na ukun yake jinkiri, jira yake gahawar ta kwanta. Kiɗan Kitwana tafiyarsa ce, ba wani abu ba."

Na ce, "Ta yaya ka san duk wannan?"

"Shekara talatin ina kasa kunne in ji inda yake don in riga shi kwana. Uwarka ma, Allah ya jiƙanta, ba ta san takunsa kamar ni ba."

Da na dawo na ƙirga kiɗan da agogo. Tamanin da biyu. Tamanin da biyu, ni kuwa na kai bawan Allah ɗari da goma.

Juma'a, 17 ga Oktoba, bayan sallah

Baba ya yi tasa a zaune a ɗaki. Ni na yi a masallacin tasha. Tun watan jiya can nake zuwa. Ba wani dalili, ya fi kusa da shago.

Lahadi, 19 ga Oktoba, da hantsi

Na iya. Yatsuna sun yi kanta, amma na iya. A tsakar gida Baba ya yi zagaye bakwai a kan kiɗana, kafaɗarsa har wani ɗan rangaji take yi irin na da. Sai na ce mu fita titi.

Ya kai bakin ƙofa ya tsaya. Na ɗauka maƙalewar ce. Ashe shi ya tsaya da kansa.

Ya ce, "Ina butar?"

"Wace buta, Baba? Tafiya za mu yi."

"Ba a kaɗa finjali buta babu komai. Kira ne. In ka kira mutane sai ka ba su abin da ka kira su dominsa."

"Magani ne wannan, ba ciniki ba."

"Su sun sani? Tsohuwa za ta taso daga tabarma ta zo ƙofa, ka ce mata magani kake yi? An ce ni mashayi ne. Ba za a ƙara da maƙaryaci ba."

Ya juya da ƙyar ya koma kujera.

Ku ji fa. Kwana shida suka rage, ilimin duniya ya zo har gida ya durƙusa, sai a ce sai da garwashi. Mutanen nan sun fi son a ɗauke su a mota kamar buhun gawayi da a karya wata doka da ba ta cikin kowane littafi. Na faɗi haka da ƙarfi, na faɗi fiye da haka.

Mwantumu ta bar ni na gama. Sannan ta fito daga kicin da butar Baba ta tagulla, ta goge ta da tsamiya da toka tana ƙyalli. Tun jiya ta wanke.

Ta ce, "Ga ƙararrawarki, akuya."

Maganarta ta farko gare ni cikin kwana tara.

Litinin, 20 ga Oktoba, bayan la'asar

Na ɗauki buta. A rubuta wannan ma.

Ni a gefensa na dama, buta a hagu, finjali a dama. Ƙil-ƙil, ƙas. Ba mu yi taku goma ba tagogi suka fara buɗewa. Wata tsohuwa ta leƙo ta ce, "Kitwana ne? Wallahi Kitwana ne." Masu wasan dara a dakali suka bar dara. Tela ya fito da almakashi a hannu. Baba na tafe kansa a sama, yana ɗaga wa mutane gira mai ɗinki.

Matsala ɗaya, kuma babba. Duk wanda ya ce "zuba mini," sai in daina kaɗawa in zuba. Ina dainawa Baba ya kafe. Sau tara ya kafe cikin taku sittin. A haka sai an yi sallar Juma'a an watse muna ƙofar tela.

Da muka dawo ya kurɓi gahawar ya ce citta ta yi yawa. Amma ya shanye.

Talata, 21 ga Oktoba, da safe

Na kawo Pandu gida, karo na farko a rayuwarsa. Tsofaffin biyu suka zauna kowa na kallon bango daban.

Na ce, "Ni in kaɗa, Mze Pandu ya biyo mu yana zuba wa masu kira."

Baba ya ce, "Ruwan wankin kwanonsa zai ba mutanena da sunana?"

Pandu ya ce, "Ni ma ban ce zan bi bayan wanda kunkuru ke yi wa sallama ya wuce ba."

"Ɓarawon kiɗa ai hukuncinsa ɗaukar buta."

Mwantumu ta raba gardama: ita za ta dafa irin ta Baba, a cika butocin biyu. Pandu ya ce to, amma shi zai kawo kashata, alewar gyaɗar da ake haɗawa da gahawa, don ta gidanmu tana cire haƙori. Baba ya ce haƙoran Pemba dama aro ne. Ina jin an shirya ke nan.

Laraba, 22 ga Oktoba, la'asar

Taku ɗari biyu da huɗu, ruwa ya kore mu. Ɗari biyu da huɗu. Sau ɗaya kawai ya kafe.

Alhamis, 23 ga Oktoba, bayan azahar

Mun kai. Da hantsi, ba kowa, mun kai har matakalar masallaci. Na kusa jefar da butar don murna.

Sai ladan ya fito ya ce, cikin ladabi, gobe in mun iso matakala a daina kaɗawa, ba a shiga ɗakin Allah da kiɗa. Gaskiyarsa ne, Baba ma ya gyaɗa kai. Na daina don mu gwada. Matakala uku ya hau. A dokin ƙofa ya kafe. Ba cunkoso, ba kowa, ƙofa a buɗe wangale, ya kafe a daidai inda ya kafe wancan karon. Sai da na sake kaɗawa a hankali muka juyo.

Taku ɗari uku da goma sha ɗaya muna da su. Ɗaya ne babu.

Akwatin Baffa ya iso. Yana zaure.

Juma'a, 24 ga Oktoba, ƙarfe goma sha ɗaya

Ya sha magani yanzu, don ya kama jiki a kan lokaci. Ya sa farar riga da hular da Mama ta ɗinka masa.

Juma'a, bayan la'asar

Mun fita ana kiran farko. Ƙil-ƙil, ƙas. Pandu a baya yana zubawa yana tsiya da kowa. Masu tafiya masallaci suka riƙa rage sauri, ba wanda ya so ya wuce mu, har muka zama kamar masu rakiyar ango. Baba bai kafe ko sau ɗaya ba. Na hango Baffa a saman matakala, carbi ya tsaya a hannunsa.

A matakala na sa finjalin a aljihu, na miƙa wa Pandu buta. Baba ya zame takalmansa. Ɗaya, biyu, uku. Dokin ƙofa.

Ya kafe.

Jama'a suka fara taruwa a baya. Na ji tari, na ji raɗa. Gwiwoyinsa na karkarwa, ƙafa ta ƙi. Bai juyo ba, amma ya yi magana yadda ni kaɗai zan ji.

Ya ce, "Ƙofar baya tana nan inda ka bar ta, in kana so."

To. Tunda ya faɗa, bari in rubuta abin da na yi wata guda ina zagayewa. Waccan Juma'ar ina nan. Mutum huɗu ne tsakanina da shi. Na ga ya kafe, na ji an ce bammi, na ga an janye shi zuwa wajen takalma. Na sunkuyar da kai na zagaya ta ƙofar baya, na yi sallata a sahun gaba, na fita ta inda na shiga. Ni mai karatu, ni da na san sunan cutar da harafinta. Na ɗauka bai gan ni ba.

Yau ban zagaya ba. Na matsa har kafaɗata ta kusa taɓa tasa. Maganar Sista Neema ta faɗo mini. Na sa yatsa ɗaya a bayan hannunsa, ba riƙo ba, kowa na gani. Na buga: biyu a jere, ɗaya a ware. Biyu a jere, ɗaya a ware. A na uku na ji hannun ya daina rawa, na ɗan lokaci. A na huɗu ya ce bismillah, ƙafar dama ta tashi ta sauka a kan darduma.

Na buga masa har sahu na biyu, gindin ginshiƙi, inda ya saba. Wanda ke wurin ya matsa ba a roƙe shi ba. Na tsaya a gefensa.

Ba zan yi ƙarya ba, bai warke ba. Dawowa sai da muka huta sau uku, yanzu yana kwance hannun na rawa kamar kullum, gobe da safe mutum biyu ne za su tashe shi daga kujera. Amma ya ce Litinin in rage citta, kuma in daina kaɗawa kamar mai bin bashin iska. Wato akwai Litinin.

Ɗazu saƙo ya shigo wayar Mwantumu daga Baffa. Kalma huɗu: "A bar maganar mota." Ya turo a ɗauke akwati ta ƙofar baya.

Ƙofar baya kuma. Mu dai gidan nan mun iya ta.

Ban yarda ba. Abin da ya hana ni magana wata guda shi ne, in na faɗi wanda na ji, sai an tambaye ni ina nake tsaye da na ji. Yanzu ba abin da ya rage mini na ɓoyo. Muryar da ta ce "bammi ne" na san ta tun ina cikin zani. Ita ce ta yi mini huɗuba ranar suna.

Baffa Nasoro, a gaban mutane aka faɗa, ba a waya za a janye ba. Gobe bayan la'asar zan ajiye buta a dakalin masu dara, inda duk Titi na Tara ke zama. Ni zan fara: zan tashi in ce ina nan ranar, na ga ubana, na gudu. In na zauna sai kai. Ka gaya musu bammin da ka ji warinsa a bakin yayanka, a ina aka sayo shi, wa ya zuba masa. In kuwa babu, ka faɗa da irin muryar da ka faɗi na farko.

Gahawa kyauta ce. Mwantumu, tunda na san kin karanta har nan, yage shafin nan ki kai masa. Muna jira.